Baƙin fata ko baƙon gari? Neman shawara kan ƙagaggen labarin Zangon Kumasi na 1969

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina rubuta ƙagaggen labari ne, na kai babi na goma sha ɗaya, alƙalami ya ƙi gaba. Labarin abokai biyu ne a Kumasi ta ƙasar Gana. Ɗanjuma haifaffen Sabon Zango ne, kakansa Bakatsine ne da fataucin goro ya kawo shi. Kofi kuwa Batone ne, wato ɗan ƙabilar Asante, ɗan unguwar Ashtown. Tare suka yi ƙuruciya, tare suke zuwa kallon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kotoko, har zuwa 1969 da gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa.

Mutum biyu sun duba mini, kuma bakinsu ya zo ɗaya: wai abotar ta cika zaƙi kamar wa'azin zaman lafiya, wariyar da nake nunawa kuma ta fi kama da ta Amurka, ta farar fata da baƙar fata. Maganar ta yi mini zafi amma na kasa musa ta. To ina gyaran yake? Da me ake gane bare a Kumasin wancan lokaci, tunda duk fatar ɗaya ce? Kuma yaya ake sa abota ta yi nauyi a labari ba tare da an mai da ɗaya waliyyi ɗaya maci amana ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Alabar ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, waɗanda suka duba maka masoyanka ne, ka riƙe su da kyau.

Fara da kalma ɗaya. A rubutun boko, baƙi na launi da baƙi jam'in baƙo haruffansu ɗaya ne, sai a baki karin sauti ke raba su. Littattafan Amurka da ka sha karantawa a kan na farkon suke tafiya. Naka a kan na biyun zai tafi. Ɗanjuma da Kofi in suka tsaya a tashar Kejetia, ba ɗan sandan da zai raba su da launi. Abin da zai duba shi ne suna, da tsagar fuska, da riga da hula, da yadda harshe ke karya Tonanci, sannan ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi a ƙasar nan: ina ne garinku? Kofi yana da ƙauyen da zai ambata, inda ake binne danginsa. Ɗanjuma in ya ce Kumasi, za a sake tambayarsa, domin a kunnen mai tambayar Zango masauki ne ba gari ba.

Sai kalmomin da ake jifa da su, kuma kowace da ma'auninta. Kramo Musulmi ke nan, ba zagi ba ne, asalinta daga karamoko na Wangarawa. Pepeni da Otani ana faɗa wa mutumin arewa, akwai raini a ciki. Alata da Anago na Bayarabe ne da ɗan Najeriya gaba ɗaya. Mai dafin ita ce odonko, wato bawan da aka sayo daga arewa, wanda ake ganewa da tsagar fuskarsa. Wannan ba ta yayyafawa a kowane shafi ba ce. Tonawa suna da tsohuwar doka, obi nkyere obi ase, ba a tona asalin mutum, domin gidajen Asante da yawa sun haɗiye 'ya'yan bayi sun zama nasu. Dattijon kirki a gidan su Kofi ba zai furta ta ba. In ta fito sau ɗaya tak, daga bakin da ba a zata ba, ta fi shafi goma na zage-zage. Kada kuma ka wanke namu bakin. Abin da tsofaffin Zango ke kiran maƙwabtansu da shi idan an rufe ƙofa, kai ma ka san shi, ka sa shi.

Abu na biyu, ƙiyayya da ƙauna a Kumasi hawa-hawa suke, kowane tsara da abin da ya gani. Kakar Kofi in tana da shekara 80 a 1969, tana 'yar shekara 11 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Ta ga sojojin da Turawa suka tsare barikinsu da su, barikin nan da ya zama gidan tarihin soja yanzu, kuma sunan da ake kiransu da shi Hausa. Sunan ya biyo su tun rundunar Bature Glover ta yaƙin 1873 zuwa 1874 da aka ƙone Kumasi. A idon tsohuwar nan Bahaushe ba mai goro ba ne kawai, mai riƙe wa Bature bindiga ne. Amma ita ɗin dai ce za ta aika wa malamin Zango kaza da kuɗi a rubuta wa jikanta laya, domin tun zamanin Osei Bonsu, farkon ƙarni na 19, akwai malamai Musulmi a fadar Asantehene, wato sarkin Tonawa, kuma babbar rigar yaƙin sarki cike take da layu. Mutum ɗaya, tsoro da dogaro a zuciya ɗaya. In ka rubuta ta haka, ka fita daga Amurka ka dawo gida.

Tsaran mahaifin Ɗanjuma kuwa siyasa ce ta dafa su. A shekarun 1950 jam'iyyar Musulmi, Muslim Association Party, ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Tonawa a kan jam'iyyar CPP ta Nkrumah, Zango ya rabu biyu, aka sha doke-doke. Cikin Agusta 1957, wata biyar da samun 'yanci, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, ta kashe shari'ar. Jam'iyyar Musulmin ta narke cikin United Party wadda Busia ya jagoranta. Bayan shekara 12 Busia ɗin ne firayim minista, kuma ƙasar Asante ta ba jam'iyyarsa ƙuri'a sosai a zaɓen Agusta 1969. Ka mai da mahaifin Ɗanjuma mutumin da ya sha duka saboda wannan ɓangare, ka mai da gidan su Kofi gidan da aka yi murnar cin zaɓe tare da shi wata uku kafin dokar. Ba sai ka ƙara gishiri ba.

Hajiya Mai Alli ta amsa:

Ɗan Aboabo, sannu da ƙoƙari. Malam ya share maka gona, bari in ba ka iri.

Abota tana zaƙi fiye da kima a labari idan abokan ba sa bin juna komai. Suna dariya tare, suna cin waakye, wato shinkafa da wake, tare, ba wanda ke riƙe da wani abu na wani. Mai karatu ba shi da abin jin tsoro, don haka ba shi da dalilin juya shafi. Maganinsa amana, kuma tarihin da ka zaɓa ya ba ka ita a tafin hannu. Wa'adin kwana 14 aka bayar. Mutane sun sayar da gidaje da rumfuna da kekunan ɗinki a wulaƙance, wasu kuma suka ƙi sayarwa suka bar wa aboki ɗan ƙasa. To mahaifin Ɗanjuma ya bar rumfarsa ta babbar kasuwa da ɗakunan hayarsa a hannun Kofi.

Daga nan kada ka sa Kofi ya zama mugu. Ka bar al'ada da doka su yi aikinsu. Tonawa ta wajen uwa suke dangi, abusua, kuma mai faɗa a ji a kan Kofi ba ubansa ba ne kaɗai, kawunsa ne, wofa. Kawun yana da 'yar ƙanwa da ba ta da rumfa, ga rumfa a hannun ɗansu babu mai ita. A wancan lokacin in Batone ya mutu bai bar wasiyya ba, abin da ya tara dangin uwa yake komawa, dokar gado da ta canza wannan sai 1985 aka yi ta. Ke nan ko ciwo Kofi ya kwanta, amanar tana cikin haɗari, domin magajinsa bai yi wa kowa alkawari ba. Ga kuma dokar 1970 da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, ko Ɗanjuma ya dawo ba zai riƙe rumfar da sunansa cikin sauƙi ba. Amana za ta iya ruɓewa a hankali ba tare da an sami maci amana ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Ka gina ta a fitowa uku, ka baza su cikin littafin. Ta farko daren miƙa kaya. A nan ka ƙirga komai a gaban mai karatu: makullai nawa, katin rumfa, rasiɗin harajin fili, da littafin bashi. Littafin bashin nan da ajami aka rubuta shi, Kofi ba ya karanta ajami. Duk ranar da zai bi bashi sai ya nemi almajirin da zai karanta masa, masu bashin kuma sun san haka. Ta biyu kuɗin haya da yake aikawa ta hannun direban motar goro. Karon farko cif, har da tsarabar gari da man ja. Karo na uku ya ragu, da dalili mai kyau, rufin kwano ya yi yoyo. Karo na shida wasiƙa ce kawai. Ta uku ranar da suka zauna lissafi bayan shekaru, kowa da gaskiyarsa a hannu. In ka rubuta ta ukun har kai kanka ka kasa yanke hukunci, ta yi.

Wani abin da wannan bambancin dangi ke ba ka, wanda marubuta ke tsallakewa: 'yan uba. Bahaushe ya auri Batoniya, abu ne da aka saba gani. Ɗan da suka haifa ya ci riba biyu, a Zango ɗan ubansa ne, a Asante ɗan uwarsa ne, yana da abusua da ƙauyen da za su tsaya masa. Ɗan kishiyarta Bahausa ba shi da wannan. Gida ɗaya, uba ɗaya, kwano ɗaya, doka ta ce wannan ya zauna wancan ya tafi. Ka ba Ɗanjuma irin wannan ƙane, ka ga yadda kishin gida zai sami sabon makami. Akasin haka, Batone ya auri 'yar Zango, da wuya iyaye su yarda sai in ya musulunta, kuma ɗansu a tsantsar al'ada sai ya tashi babu dangin da ke ƙirga shi a ɓangaren uban. In Kofi yana son ƙanwar Ɗanjuma, a nan za a gane iyakar "ɗanmu ne" da ake ce masa a gidan.

Na lura ka ba su sunan rana ɗaya, Kofi da Ɗanjuma duk haihuwar Juma'a. Ko da gangan ko dace, ya yi kyau, amma kada mai ba da labari ya tsaya yana bayani. Wata uwa ta faɗa sau ɗaya a wuce. Akwai ma wanda ya fi shi. Mu muna sa wa ɗan wabi Ajuji ko Bawa don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Tonawa suna sa wa nasu Sumina, wato juji, ko Donko, har a yi masa tsaga irin ta bayi. Ka ga za a iya samun Batone tsantsa mai tsagar arewa a fuska, ɗan sanda ya tare shi a hanya a makon korar. Wannan fitowa guda ta isa ta nuna cewa ma'aunin da ake gane bare da shi na roba ne.

Ƙauna kuma a abinci da makoki ake nuna ta, ba a jawabi ba. Kofi ya ci tuwo a gidan su Ɗanjuma ba matsala. Ɗanjuma a gidan su Kofi akwai tambayar wa ya yanka, akwai naman daji a miyar sakwara. Ka sa uwar Kofi ta riƙa tafiya har wurin mahaucin Zango duk ranar da ta san yaron zai zo, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, sai bayan tafiyarsu mahaucin ya tambaye ta me ya sa ta daina zuwa. A makoki, mu muna binnewa a ranar, sai addu'ar uku da bakwai da arba'in. Su suna ajiye gawa, a yi taro ranar Asabar da jan zane da baƙi, a sanar da gudummawar kowa da sunansa. Ina Kofi ke tsayawa idan an yi sahun jana'iza? Ɗanjuma zai ɗaura zanen makoki, ko zai zo da rigarsa ya zauna a gefe? Amsar ta canza daga babi zuwa babi.

Gwaji na ƙarshe, mai sauƙi. Bi duk maganganun da ka sa a bakin mutanenka, ka ja layi a ƙarƙashin haɗin kai, ƙabilanci, wariya, da "mu duka ɗaya ne". Ka goge su duka. In fitowar ta rushe bayan gogewar, dama jawabin ne ke riƙe da ita, sai a sake gini.

Bawan Allah na Nima ya amsa:

Salamu alaikum daga Akra. Malam, Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Duk kun tsaya a kan layin da ke tsakanin Zango da Tonawa, kun karɓi Hausancin Ɗanjuma kamar abin da ba ya da tambaya. A ganina a nan littafin yake da rauni, kuma a nan dukiyarsa take.

A Kurmi, Hausa babbar riga ce, mutane iri-iri sun shiga cikinta. Sojojin da Malam ya ambata, da yawansu Gurunsawa ne da Mosawa da Dagwamba da Barebari, wasu bayi ne da suka gudo, Hausa harshen bariki ce kawai. Manyan fataken goro na hanyar Gwanja ma, Agalawa da Tokarawa asalinsu daga Bugaje ne, Kambarin Barebari daga Barno, zama da sana'a suka mai da su Hausawa. Sannan Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane. Hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu a ƙasar Gurunsi cikin shekarun 1880 sun cika kasuwannin da bayi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa, daga baya Kumasi da Akra, kuma ba su taho su kaɗai ba. Ba a haramta bauta a Asante ba sai 1908. Falke da ya baro Katsina shi kaɗai da jakuna, wa ya aura a hanya?

To ga shawarata, yaya. Kakar Ɗanjuma ta zama Bagurunsa da aka saya tana yarinya, aka musuluntar, aka canza mata suna, gidan ya shekara sittin yana rufe maganar. Tsagar fuskarta kowa na gani, ba mai tambaya. Sai ga 1969. Haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar ba, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 tana duban inda aka haifi iyaye ko kakanni, kuma 'yan Zango kaɗan ne ke da takardar haihuwa. Abin da zai ba gidan nan gari a cikin Gana, da shaidun da za su ce tamu ce, shi ne asalin tsohuwar da ake ɓoyewa. Mahaifin Ɗanjuma, Alhaji mai daraja a masallaci, zai tsaya gaban jami'i ya ce uwata baiwa ce daga ƙauye kaza don ya tsira da gidansa? Ko zai zaɓi ya hau mota ya tafi Katsinar da bai sani ba da mutuncinsa? Kafin ka rubuta wannan, zana bishiyar gidan a takarda, kowa da shekarar haihuwarsa da garin da aka haife shi, domin mai karatu ɗan Zango zai yi lissafin, in ya sami kuskure ya ajiye littafin.

Kada kuma ka manta dokar ta tsaga Zangon kansa. Dagwamba da Gwanjawa da Farafara da Walawa 'yan ƙasa ne, Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa da Hausawa su ne ake kallo. Sahu ɗaya a masallaci, makoma biyu. Kowace ƙabila da sarkinta a Zango, kuma a makon nan sarakunan sun zama masu shaidar wane ne wane. Ka sa wani Bamoshe ya kwana ɗan Wagadugu ya tashi ɗan Bawku, maƙwabcinsa ya sani ya yi shiru, ko ya sani ya nemi abin goro. Wanda ya sayi gidan maƙwabci da araha ba lalle Batone ba ne.

Maganar harshe. Mai ba da labari ya yi daidaitacciyar Hausa don a karanta a Kano da Maraɗi, amma mutanen Zango su yi Hausarsu. Alama biyu ko uku sun isa. Babbar ita ce rashin raba namiji da mace, "Mma ya tafi kasuwa". Sai "ya yi cau" a madadin kyau, da kalmomin Tonanci da suka zauna daram. Kada ka cire lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a rubutu don nuna lafazi, mai karatu zai ɗauka kuskuren bugu ne. Ribar wannan tana zuwa a babin Katsina. Ranar farko da Ɗanjuma ya ce "uwana ya gaishe ku", yara suka fashe da dariya, aka laƙaba masa ɗan Gwanja. A Kumasi Bahaushe ne, a Hausa ɗan Gana ne.

In kuma lalle kana son launin fata ya shigo, yana da wurinsa amma a gefe. Akwai Kwarori, wato Larabawan Lebanon da Siriya, masu kantuna a unguwar Adum, waɗanda aka wawashe shagunan irinsu a tarzomar 1948, akwai unguwar Ridge ta Turawa, akwai ɗan ruwa biyu da Kwara ya haifa da Batoniya. Mu nan Akra muna da Tabom, waɗanda suka dawo daga Barazil a shekarun 1830, da yawansu Musulmi, mutanen Ga suka ba su wuri a Otublohum har suka zama nasu. Amma wannan wani littafin ne.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara girma. Maganar kakar nan ta hana ni barci, babi huɗu za su tashi saboda ita. Saura abu ɗaya, Malam: makonni biyun kansu. Ina tsoron in sa abin da babu shi a lokacin. Me zan kiyaye, kuma ina zan duba?

Malam Na-Alabar ya amsa:

Ɗauki kalanda tukuna. An ba da umarnin ranar Talata 18 ga Nuwamba 1969, wa'adin ya cika 2 ga Disamba. Ka juya wannan zuwa watan Musulunci, za ka ga duk cikin azumi ne. Ramadan na 1389 ya kama wajen 11 ga Nuwamba, wa'adin ya faɗa a goman ƙarshe, ƙaramar salla ta zo wajen 11 ga Disamba. Ke nan mutane da ƙishirwa suke bin layin takarda, tafsiri na raguwa da mutane kowane dare, tela na riƙe da ɗinkin sallar waɗanda suka riga suka hau mota, wasu kuma a bakin iyaka suka yi idi. In littafinka ya nuna ana shan koko da ƙosai da hantsi a Zango a makon nan, ka fāɗi. Lokacin kuma kakar koko ce ta gona, 'yan ƙwadago masu aikin abusa, waɗanda ke karɓar kashi ɗaya cikin uku, suna barin amfani a kan bishiya. Wannan zai shafi kawun Kofi kai tsaye in yana da gona.

Kuɗi: sabon sidi ne, wanda ya fito a 1967, da pesewa. Sidi biyu fam guda, sidi ɗaya sule goma, kuma tsofaffi da sule da fam suke lissafi har lokacin, sai yara su juya musu. A Najeriya fam ne, naira sai 1973. Mota a hannun hagu take tafiya, Gana ba ta koma dama ba sai Agusta 1974. Benin a lokacin Dahome ce, Burkina Faso kuma Upper Volta. Yaƙin basasar Najeriya bai ƙare ba sai Janairu 1970, saboda haka masu komawa ƙasar da ke cikin yaƙi suke komawa, da shingayen soja a hanya. Mai zuwa Najeriya ta kudu zai bi Akra, Aflao, Lome, Kwatano, wasu ta jirgin ruwa. Mai bin arewa ta tsohuwar hanya zai bi Mampong, Ejura, Atebubu, ya jira jirgin fito a Yeji, ya wuce Salaga zuwa Tamale. Ka lura, hanyar da kakan Ɗanjuma ya sauko da jakuna ke nan, a juye. Talabijin ta fara a 1965 amma gidaje ƙalilan ke da ita, labari ta rediyo yake zuwa, kuma gidan rediyon Gana yana da sashen Hausa.

Wurin dubawa: gidan adana takardun gwamnati, PRAAD, reshen Kumasi, da na Manhyia, fadar Asantehene, a nan ake samun takardun filaye da rigingimun sarautar Zango. Jaridun Nuwamba da Disamba 1969, Daily Graphic da Pioneer ta Kumasi, ka karanta har tallace-tallace, a nan farashi yake. Don ganin yadda wasiƙar ajami take, akwai tarin rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon. Amma mafi tsada tsofaffi ne. Wanda ke da shekara 15 a lokacin yau ya kai saba'in. In ka je, kada ka tambaye shi yaya ya ji, zai ce maka sai haƙuri. Tambaye shi me suka sayar, nawa, wa ya saya, me aka ci da sahur a daren tafiya, wa ya raka su tasha, wa bai zo ba.

Tunda Kotoko ce ta haɗa yaranka, riƙe ranaku biyu. Baba Yara, shahararren ɗan ƙwallo ɗan Kumasi, wanda haɗarin mota na 1963 ya kwantar, ya rasu a Mayun 1969, wata shida kafin dokar, kuma filin wasan Kumasi bai karɓi sunansa ba sai bayan shekaru masu yawa, kada ka kira shi da shi. Sannan Kotoko ta ci kofin zakarun Afirka a Kinshasa cikin Janairu 1971. A lokacin Ɗanjuma ya shekara guda a Katsina. Sai ka yanke a rediyon wa ya ji, da wanda ke zaune kusa da shi da bai san me ake wa ihu ba, da ko wasiƙar Kofi ta watan ta zo da kuɗin haya a ciki.